Katunana Sun Koma Ƙunshin Yaji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki.

Ni dai a aji uku na tsere daga lekol, wato makarantar boko, amma ba wanda ya kai ni son takarda. Tun ina saurayi nake tara tikitin wasannin Sallah da katunan gayyata a gwangwanin biskit: na dambe, na silima, na rawa.

Ran Sallar nan na je teburin ɗana Habu, mai sayar da soya, wato tsire, a bakin titinmu. Ya miƙo mini nama da yaji ƙunshe a wani jan kati. Ina buɗewa na ga katin rawar da na fara ganin marigayiya uwarsa a wajenta ne. Na ce, "Habu, ina sauran?" Ya ce, "Sun bi kwastomomi, Baba. Takardar da ta fi kauri, mai ba ya ratsa ta. Yau ne gadonka ya fara amfani."

Naman dai na cinye, ya yi daɗi.

Jama'ar unguwannin Ekoudou da Messa, wanda ya sayi soya wajensa, don Allah ya kakkaɓe yajin ya dawo mini da takardar. Ina gaida kowa, ban da Habu.