Ɗaurin Ɗankwalin Baban Basiratu

A tashar motar Sagnarigu, wata mai sayar da nono ta leƙa wayar dattijon da ke zaune gefenta a kan benci.

"Malam, yi haƙuri, mai ɗaura ɗankwalin nan a bidiyo ba kai ba ne?"

"Ni ne, Hajiya. Yi dariyarki, duk 'yan unguwarmu ta Kalpohin sun riga ki."

"To me ya kai ka, da gemunka?"

"'Yata Basiratu tana da lalurar nan da ake kira otizim. Ba ta yarda a taɓa mata kai, ko da uwarta ce. Madam ɗinsu ta makaranta ta ce mu ɗauki komai a waya, goge baki, taje gashi, ta kalla ta kwaikwaya. To ni kaɗai take yarda ta kalla. Yanzu da kanta take taje gashinta."

"Masha Allah. Amma wannan ai rawani ka naɗa."

"Shi na iya. Uwarta ta nuna mini sau uku, muka ƙare da faɗa. Ran Asabar akwai suna a gidan ƙanwata. So nake ta shiga cikin 'yan mata da ɗaurin hannunta, kada a yi mata dariya."

Matar ta ajiye ƙwaryarta, ta ciro ɗankwali daga jaka.

"Cire hular, kawo wayar in ɗauka."

"A nan? Gaban direbobi?"

"Riƙe bakin nan biyu, ka zagaya ta ƙeya. A hankali, don yarinyar ta gane."

Dattijon ya ajiye hula a cinya, ya miƙa mata wayar, ya dubi kyamarar, muryarsa ta yi laushi.

"Basiratu, Baba ne. Kalli hannuna."