Baban Injiniya Ya Yarda In Karanci Likitanci

Assalamu alaikum Malama mai gabatarwa. Sa'idu ne daga Toranke.

Na gama digirin injiniya, har 'yan garinmu suna kiran mahaifina Baban Injiniya, amma ni likitanci nake so. Da na samu gurbin karatun, sati uku na yi ina ɓoye takardar, ina tsoron ya ce na ɓata shekara biyar. Ranar da na faɗa masa a gona, ya ajiye fartanya ya ce, "Je ka, Allah ya yi albarka. Dama ko injin ban-ruwa ba ka taɓa gyara mana ba."

Hankalina ya kwanta, alhamdulillahi. Sai dai ku ba ni shawara: ko aji ban shiga ba, tsofaffi sun fara kawo mini ciwon gwiwa. Me zan ce musu?