Ajiyar Baba Sahabi

Kuɗin da suka kai ni Ikko na albasa ne. Buhunan da muka ɗebo daga fadamar Bakolori, waɗanda muka so mu ajiye sai sun yi tsada, su ne matata Luba ta ce a fitar a sayar tun suna araha. Ban hau motar fasinja ba. Tirelar shanu na bi daga karar Mafara, kasuwar shanu, ina zaune a kan katako, wutsiyar wani bajimi tana share mini fuska har Jebba. Kafin in fita gida na ciro layin wayata na ba Luba. Lambar nan ce kowa ya sani, daga Mafara har Maradun, na ce ta riƙe, in na isa zan sayi sabo. Ku riƙe zancen layin nan, kansa za mu dawo. Kai Bashiru, aje wayar nan ka saurara, labarin irinta ne.

Ni ɗan mahauta ne kamar iyayenku, kuma mayanka na nufa a Agege. Amma da yake na taɓa sakandare, sai na ƙare a shagon wani Oga Tunde a bakin ƙofar kara, inda ake buga takardu da cajin waya. Ɗaki kuwa mu da yawa muka haɗa muka kama a gidan wata mata. Landiledi ake ce mata, mutanenmu suka mayar da ita Lallaidi. Ba ta ƙirga mutane, takalma take ƙirgawa a bakin ƙofa.

"Aboki, wannan takalmin na wane ne?"

"Nawa ne, Madam."

"Wancan fa?"

"Shi ma nawa ne."

"Ƙafa nawa gare ka?"

Daga ranar muka koma shiga da takalma a hammata.

To, kwamfutar shagon tsohuwa ce, kuma ni na cika mata ciki. Duk mahaucin da wayarsa ta cika sai ya zo: "Lawali, juye mini cikin injin ga." Hotunan shanu, wa'azi, muryoyin mata da 'ya'ya, bikin suna. Ina juyewa, ina rubuta sunan mutum a kai. Har ta kai in ka kunna ta da safe sai ka sha koko ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ranar da ta ƙi buga takardar wani kwastoma, Oga Tunde ya duba ya ga abin da ke ciki.

"Wannan shago ne ko garken shanu? Ka goge su yau!"

"Oga, kayan mutane ne."

"To kai su kilawud!"

Kilawud ɗin nan, wai gajimare. Ya nuna mini yadda abin yake: ka buɗe asusu da sunanka, ka tura kayan ta intanet zuwa manyan injinan wani kamfani can wata ƙasa, sannan ka goge na wurinka, injinka ya sami sarari. Duk sanda kake so ka shiga ka ɗauko. Da aka tambaye ni lambar waya, sai na sa wadda na haddace tun ina saurayi, wato ta hannun Luba. Na tura komai, na goge, kwamfuta ta koma gudu kamar ɗan maraƙi.

Kowa ya yarda, ban da Baba Sahabi. Tsohon mahauci ne, mutumin Faru, ya fi kowa daɗewa a mayankar. Abu guda gare shi a wurina: ɗan gajeren bidiyo na babban ɗansa Umaru, wanda ya rasu a hanyar cin kasuwa. A ciki Umaru yana wasa wuƙa ranar layya, yana dariya, yana cewa, "Baba, wuƙarka ta tsufa, kai ma ka huta." Wayar da aka ɗauka da ita ta daɗe da mutuwa. Duk Juma'a bayan masallaci tsohon yakan zo, in kunna masa, ya kalla, ya tashi ya tafi.

Da na yi masa bayani, ya daɗe yana dubana.

"Shi mai ajiyar, ɗan wane gari na?"

"Baba, kamfani ne."

"Ka taɓa ganin huskatai?"

"A'a."

"Tun da nike ban taɓa ba da ajiya ga wanda ban ga huskatai ba. Ko akuya ta."

Ni kuwa da ƙuruciya da son a ce na iya, na dafa ƙirji na ce, "To ga fuskata, Baba. Ni ne mai ajiyar."

Ya ce, "Awo. Na ji."

Aka yi watanni lafiya. Rannan wuta ta zo da ƙarfi ta ƙone kwamfutar, Oga Tunde ya sayo wata. Na zauna zan shiga asusun, na sa kalmar sirri daidai, sai allo ya ce bai san wannan injin ba, ya aika lambobi zuwa wayata, in rubuta su. Na ce abu mai sauƙi. Na kira tsohon layina don Luba ta karanto mini. Wata mata ta ɗauka, tana Turanci, bayanta ana ta hayaniyar kasuwa.

Na kashe, na sake dubawa, na sake kira. Ita ce dai.

Sai a lokacin na lura cewa an daɗe Luba da wayar yayanta take kirana. Na neme ta ta can.

"Luba, ina layina?"

"Yana nan lahiya lau. Wayar ce ta faɗa ruwa wajen wanki, sai na cire shi na ƙulle a ƙyalle na sa cikin langa. Ko taɓa shi ban yi ba."

Ku yaran yanzu kun san abin da ita ba ta sani ba, ni ma ban sani ba: layin da aka daɗe ba a yi kira da shi ba, kamfani yakan karɓe lambar ya sayar wa wani. Ita ta yi masa ajiya irin ta gidanmu, wadda ba a taɓawa. Wannan kuwa irin ajiyar da sai ana taɓa ta take rayuwa.

Na koma kan matar. Na haɗa ɗan Turancina na ce za a turo mata wasu lambobi, ta taimaka ta karanto mini. Ban rufe baki ba ta ɗauka: "Fo-wan-nain! Ɓarawo! Allah ya kama ka!" Kuma gaskiyarta. Ko ku, duk wanda ya kira ya ce ku karanto masa lambobi, ku kashe waya. Oga Tunde ya ce in manta, shanu ne kawai a ciki.

Juma'a ta zo, Baba Sahabi ya shigo ya zauna a kan bencinsa. Na ce sabis ba kyau. Ta biyu na ce ana gyara. Ta uku bai zauna ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Lawali, ko iska ta kore gajimaren?" Ba da wasa ya faɗa ba, kuma bai jira amsa ba. Abinci ya daina shiga mini. In na hango farar hularsa a layin masu fiɗa, sai in zagaya ta bayan kwata, in bi ta cikin jini da kashin shanu. Ba kunyar ƙarya ce ta fi damuna ba. Muryar Umaru ce: ba ta ko'ina a duniya sai bayan wata ƙofa, makullin kuma yana hannun matar da ta tsane ni.

Na sake kiranta, na roƙe ta kada ta kashe, tambaya guda zan yi. A wane gari take? Ta ce Aba, sai me? Na ce a unguwarsu akwai aboki mai tsire? Kun san can duk sunanmu aboki. Ta ce akwai. Na ce ta ba shi wayar, shi ya gaya mata ko ni ɓarawo ne. Ta kashe.

Bayan 'yan kwanaki, ana shirin la'asar, tsohon layina ya kira ni. Muryar namiji ce: "Salamu alaikum. Wa ke magana?"

Nasiru sunansa, ɗan Bakura, shekaru matar tana sayen tsire a wurinsa. Bai yarda da ni nan take ba. Bayan mun gaisa har da ruwa da gajiya, sai ya shiga tambaya. Ɗan gidan wa? Wane ɓangare na kasuwar Mafara rumfarmu take? Wane ne ya aurar da ƙanwarsa Bakura a cikin danginmu? Da na ambaci sunan kawuna sai ya yi dariya ya ce, "Ashe kai ɗan gidan masu ƙwauron kitse na." Na ji shi yana gaya mata cewa ya san gidanmu, in wani abu ya ɓace mata, ga teburinsa ga shi.

Na danna a sake aika lambobin. Saƙon ya shiga wurinta. Sai da ta karanta shi tsaf ta tabbatar ba na banki ba ne, sannan ta fara faɗo lambobin ɗaya bayan ɗaya, da muryar wadda ake cire wa haƙori. Na rubuta su. Ƙofa ta buɗe. Abin da na fara yi shi ne sauya lambar waya.

Na je da kaina na kamo hannun Baba Sahabi daga mayanka, da jini a zanen aikinsa. Na kunna. Umaru ya wasa wuƙa, ya yi dariya, ya ce wa ubansa ya huta. Tsohon ya kalla har ƙarshe, sannan ya ce, "Sauko mini da shi ƙasa." Na sa masa a ɗan katin memori na waya, na bar kwafi a sama ban gaya masa ba. Ya kai wa baduku ya ɗinke masa katin a fata, ya rataya a wuya. Bai zage ni ba, bai kuma gode mini ba. Ni ma ban ga dalilin ko ɗaya ba.

Da damina ta kusa na dawo gida, da abin da bai fi kuɗin albasar nan da yawa ba. Bayan an watse daga yi mini barka da zuwa, Luba ta shiga ɗaki ta buɗe langa, ta kwance ƙyalle, ta ɗora mini mataccen layin a tafin hannu. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Ta ce, "Ga ajiyarka. Duba da kyau."

Na duba da kyau. Na ce mata ya cika.