Ƙarfen Alhaji Ya Hana Ni Zuwa Masallaci

Assalamu alaikum mai gabatarwa, ina gaishe ka da duk masu sauraro. Ni ne Malam Ɗanlami daga Tudun Wada, Zariya. Na tsufa, ni kaɗai ne a gida, da sanda nake tafiya, kuma yau raina a ɓace yake.

Maƙwabcina, wani Alhaji, ya zuba tsakuwa a lungunmu saboda motarsa. Sai ya sa mai walda ya haɗa masa tsohon ƙyauren ƙarfe da sarƙa, ya jibga bulo a kai, yana ja da a-kori-kura duk Asabar, wai yana baje hanya. Na yi shekaru ina aikin hanya, na san dole a bar mata tudu a tsakiya don ruwa ya gangara kwata. Na ce, "Alhaji, ƙarfen nan yana kwashe tsakiyar, yana tara tsakuwa a ƙofata." Ya yi dariya ya ce, "Baba, ku huta, wannan aikin zamani ne."

To ga zamanin! Tsakuwa ta toshe kwatata, ruwan sama ya kwanta a bakin zaure. Makon jiya sandata ta zame, na faɗi a kan gwiwa. Kwana tara ke nan ban je masallaci ba, alhali can kaɗai nake ganin mutane.

Jama'a, ku ba ni shawara. In kai ƙara wurin mai unguwa, ko in jira sai na karye? Ina gaida abokaina na sahun gaba. Ina nan da raina, ba rasuwa na yi ba. Don Allah ku zo, kuma ku taho da shebur.