Ranar da Na Wanke Robar Kyankyasai

Keken ɗinkina da 'yan kunnen zinaren da Innata ta bar mini, su na sayar na yi kuɗin jirgi. Ke Ummi, sauko daga kan kujerar nan! Ɗan kyankyaso ɗaya ya gifta kin cika gida da ihu. Ku zauna ku ji daga bakin wadda ta zauna ɗaki ɗaya da ɗaruruwansu.

Bayan rasuwar kakanku na bar iyayenku wurin Yaya Hadiza na tafi birnin Niyok, can ƙasar Turawa, wai zan yi kitso. Da na isa Halam, unguwar da 'yan Afirka suke, sai na tarar matan Sanigal sun cinye kasuwar. Kafin in tsaga kai ɗaya sun gama biyu. Ga bizata ta ƙare. In na hango ɗan sanda, sai in sauya hanya. Wani direban tasi ɗan Zangon Kumasi, Malam Sani, shi ya samo mini aikin shara a wani shago a Jameka. Ba ƙasar ba, unguwa ce kusa da filin jirgi.

Shagon me? Na ƙadangaru! Wallahi. Mutanen can sayen ƙadangare suke su ajiye a falo, har da raɗa masa suna. Abincinsa kuwa kyankyaso ne, mai shagon ke kiwonsu a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, wai shi besmen. Ba irin namu ba ne. Tsawonsu ya kai wannan yatsan nawa, ba su da fiffike, in an taɓa su sai su yi huci kamar kububuwa. Ni kuwa tun ina yarinya wani ya shige mini kunne, sai da aka ɗiga man gyaɗa ya fito. Saboda haka ko matakalar besmen ɗin ba na kallo.

Ana tsakiyar sanyi, na'urar ɗumama besmen ta mutu. Mai shagon ya same ni da tsintsiya a hannu.

"Binta, sanyi zai kashe su. Ɗakinki da ɗumi?"

"Oga, ka rufa mini asiri."

"Kwana uku ne kawai za ki ajiye su, kafin a gyara. In suka mutu na rufe shago, ni da ke duk mun huta."

Ya ƙara wasu maganganu da Turancinsa na hanci, ni dai "kar ki taɓa" kawai na tsinta. Malam Sani ya kai mini babbar roba mai murfin raga har ɗaki, lulluɓe da bargo, lokacin da mai gidan ta tafi coci.

Mai gidan nan, Mama Ayrin, tsohuwa ce baƙar fata daga tsibiran can na wajejen ƙasar Jameka. Ba ta tambaye ni takarda ba da ta ba ni ɗaki, kuma rigar sanyin da nake sawa tata ce. Sharaɗinta ɗaya: "In na ga kyankyaso a gidana, hukuma zan kira su zo su yi feshi." Hukuma fa! Su zo su tarar da ni ba takarda, da ƙwarin da ba na ƙasarsu ba? Ai sai jirgi, in dawo Kano hannu biyu, ba keke ba zinare.

Washegari na leƙa robar daga nesa. Ga su maƙale a kwalayen ƙwai. A bakin robar ta ciki kuwa, zagaye, wani maiƙo ne ya yi baƙi da ƙura. Na ce a ɗakin da nake salla? Ƙazantar Bature ke nan! Na ɗaura soso a sanda, na sa omo, na goge shi tas ina runtse ido. Na jingine murfin ya sha iska, na tafi Halam sayen daddawa.

Ashe basilin ne. Shi ake shafawa don santsi ya hana su hawowa. Shi ne "kar ki taɓa" ɗin.

Na dawo da la'asar na buɗe ƙofa. Innalillahi! Bango, labule, kan dardumata, har cikin takalmina. Na cusa mayafi a baki don kar ihun ya fito, saboda Mama Ayrin tana ƙasa tana girki. Fitsari ya kusa kufce mini, ba na ɓoye muku. Na toshe ƙasan ƙofa da zane, na haye gado ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina.

Can na tuna maganar oga, sanyi ne ajalinsu. A gida ma ai bayan murhu suke taruwa. Na murɗe ƙarfen ɗumama ɗakin na kashe shi, na wangale taga. Na cika jarka da ruwan zafi, na naɗe ta da tawul, na kwantar da robar na sa ta ciki da ɓawon lemo. Haƙorana na haɗuwa, ina kallonsu suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Da suka taru na tayar da robar, na shafe bakinta da basilin ɗin ƙafata, na rufe, na tura bayan gado.

Sai ƙwanƙwasa.

"Binta! Wa ya ce ki ɗumama titi da man gidana? Tagarki a buɗe!"

Na buɗe ƙofa kaɗan. Ga ta da kwanon miya ta kawo mini. Ga kuma wani ƙato, uban garken, a jikin katakon ƙofa, taƙi ɗaya daga kafaɗarta. Ban san lokacin da na damƙe shi da hannuna ba. Ƙafafunsa masu ƙaya suna yaƙushin tafina, na ji yana kumbura zai yi huci. Ba ni da abin rufe wannan ƙarar sai abu ɗaya. Na dubi tsohuwar nan cikin ido, na ja mata dogon tsaki.

Mutanen tsibiran can sun san tsaki sarai, kamar mu. Ta ƙura mini ido, kwanon yana hannunta.

"Ni kika yi wa? Ni da na ba ki rigata?"

Na ƙara damƙe shi, hannuna yana bayana.

"Ƙarshen mako ki bar mini gida."

Ba ta kira kowa ba. Bayan an gyara na'urar, na gama sanyin nan a kan katifa a besmen ɗin shago, tsakanin robobi, kuma a nan na koyi kiwon har oga ya sakar mini shi. Shekara shida na yi. Sau biyu ina zuwa ƙofar Mama Ayrin in faɗa mata gaskiya, tsoro ya maido ni. Na uku na tarar an sayar da gidan, ta koma ƙasarsu. Har yau in na tuna fuskarta da kwanon miyar nan, kunya ke kama ni.

Kuma kar ku zaci na daina tsoronsu, yanzu ma tsigar jikina tashi take. Kai Abba, ajiye takalmin nan, share shi waje kawai. Kwanon rufin da kuke zaune a ƙarƙashinsa, danginsa ne suka saya.