Rawanin Mai Unguwa da Rufin Mota

Har la'asar cinikin motar bai faɗa ba. A garejin Augustine, Sabon Gari, shekarar ƙarin albashin Udoji, Malam Maje, sabon mai unguwa daga Fagge, ya shiga ƙaramar motar mai ƙofa a baya, sai rawaninsa ya tokare rufi.

"Ranka ya daɗe, ba ta shan mai," in ji Augustine.

"Wa ke kukan mai yanzu? Kaina fa?"

"Ka tuɓe, in ka isa ka naɗa."

"A bakin titi? Ni da sai ƙanena ya naɗa mini!"

Augustine ya danne dariya. "Malaman makaranta biyu na jiranta."

"Su jira!"

An aika kiran mai walda ya rage tsayin kujerar. Bai iso ba tukuna.