Ƙahon da Na Sa Aka Yi wa Jikana

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Daga Yakasai nake rubuto muku yau Talata, da tari ya ɗan lafa mini. Gari na ta zancen sabuwar gwamnatin farar hula, ni kuwa damuwata a gida take.

Jikana Sadisu, ɗan shekara sha shida, yana da tundurmi, ciwon da ke kumbura ƙafa, a ƙafar hagu. Kullum yakan wanke ta da sabulu, ya tafi makaranta da silifas, don takalmi ba ya shiga. Da yamma yana ɗinkin jaka a kasuwar Kurmi, ƙafar a kan kujera. Da na ji 'yan ajinsu na kiransa "ƙafar turmi", na kasa haƙuri, na kira wanzami ya yi masa ƙaho don ruwan ya fita. Wurin ya ruɓe, zazzaɓi ya kwantar da shi, jarrabawa ta wuce shi.

Da na je dubiya ya ce, "Kaka, kai da ka yi boko?"

Jama'a, kada ku bari a tsaga irin wannan ƙafa. Kuma ku ba ni shawara, yaya tsoho yake neman gafarar jikansa? Uwarsa ta ce zai zo mini ranar Juma'ar da ta wuce. Na shimfiɗa tabarma a soro tun hantsi, har aka kira magariba bai zo ba.